An Ba Ka Hanya

A gidanmu na unguwar Sabonjida, cikin Tamale, baƙo ba ya miƙewa haka kawai ya ce ya tafi. In ya sha ruwa, an gaisa, an tambayi gajiya da mutanen da ya baro, ya faɗi abin da ya kawo shi ko ya yi kamar ya faɗa, sai ya gyara zama ya ce yana biɗan hanya. Maigida kuma ba ya bayarwa a karon farko. Zai ce tun yanzu, ai ko tukunya ba ta sauka ba. Baƙo ya koma ya zauna, a taɓa wata hirar, ya sake biɗa. Sai an ja shi haka kafin a ce to, an ba shi hanya, Allah ya kiyaye. Daga nan maigida ya zura takalmi ya raka shi. Dagombawa maƙwabtanmu haka suke yi da yarensu, mutanen Kudu ma haka, har ban san wa ya ara a wurin wa ba.

Sai da na girma na gane amfanin rakiyar. A zaure mutum biyu suna kallon juna, ga kunnuwa ta kowace kusurwa. A kan hanya kuwa kowa gabansa yake kallo. Mahaifinmu fataucin goro ya yi, kuma duk wata magana mai nauyi da na san ta shigo gidanmu, ta neman aure ce, ta ciwon da ake ɓoyewa ce, ko ta ɗan da ya fi ƙarfin iyayensa, bayan an wuce kwanar masallaci aka faɗa masa ita. Wani lokaci ya fita rakiya da fara'a, ya dawo ya kasa cin tuwo.

Mu biyu ne maza a ɗakinmu, ni da Yaya. Shi ne na ɗaya a kowane aji da ya shiga, ni kuma aka san ni da ƙanin na ɗaya. Na zama malamin sakandare, ina koyar da adabin Turanci ga yaran da ba su yi mini laifin komai ba. Shi kuwa ya hau har ya zama shugaban ofishin arewa na ɗaya daga ƙungiyoyin agajin nan da fararen motocinsu suka cika Tamale. Tasu rijiyoyin burtsatse take haƙawa. Ina so a san wannan tun da wuri: akwai ƙauyukan da mata suka daina kwana a bakin dam saboda Yaya. Ba mugu ba ne, kuma ba mai girman kai ba ne. Mutum ne da aiki ya kusa kashewa. Tun asuba mutane ke tsugune a ƙofar gidansa na Gumbihini, mai neman aiki, mai neman rijiya, mai neman a san dai ya zo. Jininsa ya hau, ya faɗi sau ɗaya a ofis, likita ya gaya masa magana ba tare da sakayawa ba.

A cikin wannan hali aka tura shi wani taron horarwa a Kumasi kan yadda manyan ma'aikata za su sarrafa lokacinsu. Ya dawo kamar wanda ya sauko daga Arfa. Ranar da na je yi masa barka da dawowa, ya ja ni wurin motarsa, ya zana mini gida huɗu da yatsa a kan ƙurar gilashi. Duk abin da ke duniya, in ji shi, yana cikin ɗayansu. Abu mai muhimmanci kuma na gaggawa, ka yi shi yanzu. Mai muhimmanci marar gaggawa, ka sa masa rana. Na gaggawa marar muhimmanci, ka wakilta wani. Wanda ba ko ɗaya, ka zubar. Na ce masu ilimin falsafa sun yi shekaru dubbai suna fama da rabon abubuwan duniya, ashe a Kumasi amsar take. Na tambaye shi ni a wane gida nake. Ya yi dariya ya ce na biyu. Na ji daɗi a lokacin, don an ce ina da muhimmanci. Sai a kan babur, ina komawa gidana a Kasalgu, na lura cewa gidan masu iya jira ne.

Gaskiya tsarin ya yi masa aiki. Jininsa ya sauka, ya fara barci, rahotanninsa suka riƙa isa kafin a tambaya. Ni kuma na sami sabon muƙami ba tare da na nema ba, na zama gida na uku. Suna, ɗaurin aure, jana'iza, addu'ar bakwai da ta arba'in, duk ni ake turawa. A Tamale kuwa wanda ya ce zai halarci duk waɗannan ba shi da Asabar ba shi da Lahadi. Na zauna a ƙarƙashin rumfunan tamfol da yawa da sunan Yaya, har tsofaffi suka fara ce mini Manaja, wasu da zolaya, wasu don ido ya yi rauni.

Gaisuwa ya rage mata tsawo. Badagombe ya durƙusa yana jero tambayoyi, ana amsa masa da naa, naa, Yaya zai ba da naa guda ɗaya mai kauri wadda ta ƙunshi sauran. Rakiya ta faɗa gida na huɗu. Ya ce wace hikima ce a ce mutum ya taka zuwa kwana ya dawo, alhali ga direba ga mota, baƙo ma ya fi jin daɗi. Hanya kuwa, da an biɗa yake bayarwa. Wani lokaci ma kafin a biɗa, ya dubi agogo, baƙo ya fahimta.

Matarsa muna ce mata Amarya, kamar yadda ake yi a nan, ko da ta aurar da 'ya. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti, 'yar Salaga, daga tsofaffin gidajen da Hausarsu ba ta zube ba. Mu Hausarmu ta Tamale ta riga Yaya sanin tsimi, ta daɗe da zubar da bambancin mace da namiji. Mace ya zo, yarinya ya tafi, kowa ka ne. Lokacin da Yaya yake neman aurenta, ni nake raka shi zance, kuma a gabana ta ce masa ba za ta auri mutumin da ke kiranta kamar yana kiran ɗan acaba ba. Ya koyi ki da ke kamar mai shirin jarrabawa. Da kowa yana yin Hausar gari, amma ita kaɗai, in ya juya gare ta, sai harshensa ya gyaru. Ke, kin ji, na gode miki. A gidan nan wannan ƙaramar kalma ita ce kayan adon da ya fi kowanne tsada, kuma na tabbata su biyun sun sani.

Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji. Tana ce mini Ticha, in ta so tsokana ta ce mijin ajiya. Ita ce ta ci gaba da yi mini rakiya bayan an soke ta a hukumance. In na zo gidan, Yaya ya ba ni hanya daga kan kwamfuta, ita sai ta yafa mayafi, in tura babur, mu taka har bakin titi inda 'yan yalo-yalo ke tsayawa, kekunan nan masu ƙafa uku. A wannan 'yar tafiyar na ji cewa an ware mata yammacin Lahadi, daga La'asar zuwa Magariba, kuma waya ce ke ƙara ta tuna masa. Ta faɗa tana dariya. Ta ce wayar tana da kirki, ba ta taɓa mantawa da ita ba. Ta ce in wata magana ta taso mata ran Talata, sai ta riƙe ta kamar fitsari har Lahadi, in Lahadin ta zo kuma ta tarar maganar ta huce, sai su zauna su kalli juna, shi yana jira ta fara, don lokacinta ne.

Na ce ai ita ma ma'aikaciya ce, ta san yadda aiki yake. Ta ce ta sani sarai, ita da take tsayuwa a kan mace tun safe har rana ta faɗi. Amma a aikinta ba a taɓa haihuwar ɗan da ya duba ranar da aka sa masa ba, don haka ita abin da ta koya shi ne zama kusa.

Sai mahaifiyarta ta rasu. Yaya ya je jana'iza, ba zan yi masa ƙarya ba, har kabari ya shiga. Amma akwai baƙi daga ƙasar waje da ke jiransa washegari, saboda haka ya biɗi hanya ruwan da aka ba shi yana hannunsa. Addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, ni na je. 'Yarsu ta fari tana gidan miji, ƙaramar tana jami'a. Amarya ta dawo daga Salaga ta tarar da gida shiru, komai a wurinsa.

Ba da daɗewa ba, wata rana ta raka ni, muka wuce mai gasa masara, muka wuce inda ta saba juyawa, ba ta juya ba. Ta ce ta nemi a mayar da ita aiki Salaga, kuma an amince, bayan ƙaramar Sallah za ta tafi. Na ce Yaya ya sani? Ta ce ta gaya masa ran Lahadi. Ya taya ta murna, ya ce canjin wuri yana ƙara wa ma'aikaci gogewa, ya kuma tsara cewa zai riƙa zuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata.

“Ticha,” ta ce, idonta na kan titi, “in na tafi ba zan dawo ba.”

Na tsayar da babur. Ta ce in ci gaba da turawa, mutane na kallo.

“Abu ɗaya zai tsayar da ni. Ya buɗe baki ya ce in zauna. Sau ɗaya. Ko bai ba da dalili ba.”

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, yau ɗin nan zan gaya masa.

“Shi ne ba za ka yi ba. In ka gaya masa, a waya zai sa, ta yi ƙara, ya zo ya ce mini in zauna, ya koma ya goge. Rantse.”

Na yi ta kewaye-kewaye irin na malaman makaranta, ta bar ni na gama, ta ce in rantse. Na rantse. Abin da ta yarda in faɗa masa kawai shi ne ta gaji.

Na nemi ganinsa a ofis. Sakatariya ta ba ni kwata ɗaya tsakanin wani miting da wani. A lokacin ya cire kujerun baƙi daga ofishinsa, don an koya musu cewa magana a tsaye ba ta tsawo. Muka tsaya kamar masu jiran a ta da iƙama. Na fara da gaisuwa, ya ce Ticha, tafi kai tsaye. Ban taɓa faɗin magana irin wannan ina kallon idon yayana ba, kuma ba na jin akwai ɗan Sabonjida da ya taɓa. Na dubi taswirar rijiyoyin da ke bango na ce Amarya ta gaji.

Ya ce na kyauta da na gaya masa, shi ma ya lura. Na fita ina jin kamar na sauke dutse. Kafin mako ya zagayo aka kawo injin wanki gidan, fari, sabo, a kwali. A Gumbihini, inda famfo kan yi kwanaki bai ce uffan ba. Amarya ta kai ni ta nuna mini shi, ta shafa kansa, ta ce in gaishe da abokin hirarta.

Na sake dabara. Na bar babur a wurin mai faci a bakin titi, na shiga gidan da ƙafa, da na tashi na ce Yaya ko za ka taka mini zuwa wurin babur. Ya ce subhanallahi, a wannan rana? Ya kira direba. Aka kai ni tafiyar da ba ta kai a rufe ƙofar mota ba, da sanyin na'ura, ni kaɗai a baya kamar gawa.

Dama ta ƙarshe da na samu cikin azumi ce. Likita ya sa shi tattaki kowace safiya, agogon hannunsa na ƙirga masa taku. Na je na same shi bayan gari ya waye, na jera da shi. Ga mu dai a kan hanya, kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallon gabansa, yadda ake so. Sai dai kunnuwansa biyu a toshe suke da abin sauraron waya, yana sauraron wani Bature da ke bayani kan yadda ake cin moriyar safiya, ya kuma ƙara wa muryar sauri don kada bayanin ya ci masa safiya. Na taɓa shi, ya cire ɗaya.

“Yaya, Amarya za ta tafi.”

“Na sani. Bayan Sallah. Na gaya wa direba.”

“Tafiyar ba irin wadda ka sani ba ce.”

“Salaga ce fa, Ticha, ba Makka ba. Kai dai adabin nan ya ɓata ka, kome sai ka nemo masa ma'ana ta biyu.”

Ya ce in ɗaga ƙafa, ina rage masa sauri. Ya mayar da abin kunnensa. Iyakar inda rantsuwata ta bar ni in je ke nan, kuma har yau ban ga laifin Amarya da ta ɗaure ni ba. Abin da take so ba ya cikin abubuwan da wakili ke iya kaiwa.

Ranar tafiya na zo da hantsi don in taimaka da kaya. Kayan ne suka fara ba ni tsoro. Wadda za ta riƙa dawowa ba ta ɗaukar tukwanen da aka kawo ta da su. Direba ya ɗaure komai, shi ma ɗan gari ne, ya gane. Yaya yana falo a gaban kwamfuta, ana miting da mutanen hedkwata, fuskoki a ƙananan gidaje kamar hoton 'yan aji. Ya riga ya yi mata sallama tun da safe, ya ce in miting ya kama shi kada ta jira.

Ta fito da babban mayafi, wanda take zuwa gidan mutane da shi. Ta cire takalmi a bakin falonta, falon da ita ta zaɓi labulensa. Ta taka har gabansa ta durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa. Matar gida in za ta yi tafiya cewa take na tafi, sai na dawo. Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce:

“Alhaji, ina biɗan hanya.”

Direba da ke bakin ƙofa ya sauke ido. Ko yaron da aka yaye jiya a Sabonjida ya san amsar wannan magana. Tun yanzu? Ai ko tukunya ba ta sauka ba. Ba sai ya ji komai a ransa ba, bakinsa kaɗai ya isa ya faɗa, da bai kori al'adar daga bakin ba.

Wani a kwamfuta yana tambayarsa wani abu. Ya ɗaga hannu ɗaya wajenta, idonsa na kan fuskokin, ya ce:

“An ba ka hanya. Allah ya kiyaye.”

Ka ya ce. Abin da yake ce wa mai neman aiki da mai neman rijiya.

Ta ɗan jima a durƙushe. Ina tsammanin ta ba shi lokacin da mutum zai ji abin da ya fito daga bakinsa. Sannan ta ce amin, ta dafa gwiwa ta tashi, ta sa takalminta. Na bi ta har mota. Ta ce mini, mijin ajiya, ka ga ko kai ba ka yi mini tayin zama ba. Na ce zauna mana. Ta yi dariya ta ce tawa ba ta shiga lissafi, ta rufe ƙofa.

Asabar ɗin farko ta wata ya tafi Salaga kamar yadda ya tsara. Bai same ta a gidajen ma'aikatan asibiti ba. Tana gidan yayanta, a ɗakin mahaifiyarta. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo masa ruwa, yayanta ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce ƙanwarsa ta shaida musu cewa mijinta ya ba ta hanya, a gaban shaidu biyu, su kuma sun karɓi 'yarsu.

A ranar, da La'asar, na ji mota a ƙofar gidana a Kasalgu. Karo na farko ke nan cikin shekaru da Yaya ya zo wurina ba tare da sakatariya ta riga shi ba. Ya tambaye ni me ya ce ranar nan. Na maimaita masa. Ya ce a'a, ba zai ce mata ka ba. Na ce ya tambayi direba.

Abin da ya fi damunsa da farko shi ne ko maganar ta zama saki, don a littattafan fiƙihu akwai kalmomin da ba su ambaci saki ba amma suna iya yanke aure, kuma sakar wa mace hanya na cikinsu. Muka je wurin limamin unguwarmu, wanda ya yi karatun allo tare da Yaya. Ya sa aka maimaita masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi yadda ta durƙusa, ya tambayi abin da aka saba nufi da maganar a garin nan. Sannan ya dubi Yaya ya ce, lokacin da ya faɗa, me ya yi niyya?

“Wallahi, Malam, ban yi niyyar komai ba. Ban ma san na faɗa ba.”

Liman ya ce to, aure na nan. Magana ce ta sallamar baƙo, kuma ba niyya a bayanta. Yaya ya sauke numfashi, ya ce alhamdu lillahi, ya riƙe hannun liman da hannu biyu. Liman bai yi murmushi ba. Da muka biɗi hanya ya hana mu, ya sake hana mu, sannan ya rako mu har kwana, ya ja hannun Yaya suka yi gaba. Ban ji abin da ya gaya masa ba. Na dai ga Yaya na gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya sami abin da ya zo nema.

Muka ɗauki fatawar muka kai Salaga kamar masu kai kofin ƙwallo. Yayanta ya saurara, ya ce shi ba shi da ja da malamai, ya aika a kira ta. Ta zo da kayan aiki a jikinta, ta tsaya daga bakin ƙofar zaure, ta gaishe mu kamar yadda ake gaida baƙin yaya. Yaya ya yi mata bayani dalla-dalla, da ki da ke a kowace jimla, har suna karo da juna. Ya ce Malam ya tabbatar ba saki, tunda bai yi niyya ba.

“Na san ba ka yi niyya ba, Alhaji,” ta ce. “Da ka yi niyya ai da na san ka ji ni.”

Ya ce ta dawo. Ya ce ya gane kuskuren, tsarin ne bai ba ta isasshen wuri ba, zai sake shi gaba ɗaya, zai mayar da ita gida na ɗaya. Ta dube ni, na dubi tabarma. Ta ce masa ita ba ta neman saki, ba ta kuma hana shi zuwa, ƙofar yayanta a buɗe take ga kowa. Amma akwai mace a kan gwiwa tana jiranta, ta bar ta da ɗaliba. Ta ce Ticha, a gaida yara. Ta juya.

Muka zauna. Aka yi maganar ruwan sama da farashin doya. Da hirar ta ƙare, Yaya ya gyara zama ya ce muna biɗan hanya. Na ga yadda ya faɗe ta, a hankali, yana jira.

“An ba ku hanya,” in ji yayanta. “Allah ya kiyaye.”

Ba wanda ya nemi takalminsa. Yaya ya daɗe a ƙofar gida yana ɗaura igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Yau shekaru ke nan. Auren yana nan yadda liman ya ce, ba wanda ya taɓa shi. Yana zuwa Salaga Asabar ɗin farko ta wata, a ba shi ruwa, ya gaisa da yayanta, wani lokaci ta leƙo, wani lokaci tana wurin aiki. 'Ya'yan sun raba Sallah biyu, ƙarama a can, babba a nan. An ƙara masa girma, yanzu har ƙasashen maƙwabta yake dubawa, kuma shi ake gayyata ya koya wa sababbin manajoji yadda ake sarrafa lokaci. An ce ya iya koyarwa. Gidan Gumbihini ba mai tsugunawa a ƙofarsa da asuba, mutane sun koyi neman alƙawari, mafi yawansu kuma sun koyi haƙura. Injin wanki yana nan a baranda, an rufe shi da tsohon zanenta.

Abu ɗaya ya canja. In na je na biɗi hanya, yakan ce tun yanzu, da ɗan sauri, kamar yaron da ya haddace amsa. Sannan ya sa takalmi ya rako ni. Ina tura babur, yana gefena, kowa na kallon gabansa. In mun zo wajen mai gasa masara nakan rage tafiya, ko zai ce wani abu. Shi ma yakan rage. Mu wuce. Ban sani ba ko ba shi da abin faɗa ne, ko yana da shi bai san ta inda ake farawa ba, ni kuma ƙane ne, ba ni zan fara masa ba.

A makon jiya mun kai har bakin titi, muka tsaya muna kallon 'yan yalo-yalo. Ya buɗe baki ya ce, “Ticha.” Na ce na'am, Yaya. Sai agogon hannunsa ya yi ɗan kuka, yana taya shi murnar cika takun yini. Ya dube shi, ya danne shi da yatsa, ya ce in gaida gida.